Me ke zaunar da jirgi a Ikeja? Fashin baƙi kan kayan gyaran jiragen sama da sana'ar da ke bayansu

Ga jirgi a tsaye ana hango shi ta gilashi, ga matuƙi ya iso, ga motar mai ta zo ta tafi, to me ya hana shi tashi? Wannan tambaya ce ke yawo a bakin fasinjan Kano ko Sakkwato da ya baro Agege ko Mile 12 tun da asuba don kada cunkoson Ikeja ya ritsa da shi, ya zo filin jirgin saman Legas da ke Ikeja ya share awa biyar a kan kujera. Sanarwar kuwa ɗaya ce kullum: an ɗaga tafiya saboda dalilan aiki. Wasu su ce kamfani na jiran kujeru su cika ne kamar motar tasha, wasu su ce wani babba ake jira. Akwai ranar da hazon hunturu ne a Arewa, akwai ranar da ruwan sama ne a Legas. Amma sau da yawa abin da ya zaunar da jirgin wani ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba, ko ma takardar da ya kamata ta rako ƙarfen.

Samo wannan ƙarfe da takardarsa, a kawo shi gindin jirgi a kan lokaci, sana'a ce mai zaman kanta. Abin takaici, yawancin matasanmu na Legas idan an ce aikin jirgi, tuƙi suke tunani ko hidimar fasinja, in kuma ba su ba sai dakon kaya a bakin ƙofa. Tsakanin waɗannan akwai fili mai faɗi da ba mu cika leƙawa ba.

Mece ce wannan harka?

Harkar samar da kayan jirgi ta ƙunshi duk hanyar da kaya ke bi tun daga masana'antar da ta ƙera shi har ya hau jikin jirgi, da kuma hanyar da yake bi idan ya lalace ya koma gyara. Akwai mai a ciki, akwai abincin fasinja, akwai kayan 'yan kasuwa da ake lodawa a cikin jirgi, amma ƙashin bayanta kayan gyara ne.

Masu sito suna kasa kayan gyara gida-gida, domin kowanne da irin rainon da yake so. Akwai masu tsada da ake cirewa a gyara a mayar, irin su birki, famfon haidirolik, janareto da kwamfutocin ɗakin matuƙi. Kowane ɗaya yana da lambarsa ta siriyal da ba ya tarayya da kowa a cikinta, ana kuma bin tarihinsa har ƙarshen rayuwarsa. Akwai na amfani sau ɗaya a jefar, kamar filta, noti da zoben roba mai tare yoyo. Akwai masu ranar mutuwa ko da ba a taɓa buɗe su ba, irin su gam ɗin toshe tankin mai, wasu robobi da batura. Sai kuma waɗanda suka fi kowa tsauri: faya-fayan da ke juyawa a cikin inji da wasu sassan ƙafafun jirgi, waɗanda masu ƙera su suka ƙayyade musu adadin tashi da sauka. Ranar da adadin ya cika, ko suna ƙyalli kamar sabbi, sai an cire su.

Kowane sashe na jirgi yana da lambar babi da duk duniya ta sani. Babi na 21 na sanyaya iska ne, 24 na lantarki, 28 na mai, 29 na haidirolik, 32 na ƙafafu da tayoyi da birki, 72 na inji. Injiniya a Ikeja da dillali a Miami da wannan lamba suke fahimtar juna.

Takarda kafin ƙarfe

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Ladipo neman kayan mota ya san yadda ake yi. Ka ɗaga ƙarfe ka juya shi, makanike ya ƙwanƙwasa ya ce yana da kyau, a yi ciniki. Idan bai yi ba, mota ta tsaya a gefen titi. Jirgi ba shi da gefen titi, don haka ido da ƙwanƙwasawa ba su isa hujja ba. Hujja ita ce takardar shaidar ingancin tashi. Kayan da suka fito daga Amurka suna zuwa da fom mai lamba 8130-3 na hukumar FAA, na Turai kuma da Fom 1 na hukumar EASA. A gida, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ce ke ba wuraren gyara izini, ita ke binciken sitonsu.

Mu tsaya a teburin karɓar kaya mu ga yadda ake yi idan akwatin birki ya iso. Jami'in karɓa zai fara duba akwatin kansa, ko ya jiƙe, ko ya lotsa, ko an taɓa buɗe shi a hanya. Sai ya fito da birkin ya karanta lambar kaya da lambar siriyal da ke buge a farantin jikinsa, ya gwada su harafi bayan harafi da abin da ke kan takardar shaida, da takardar oda, da rasitin mai sayarwa. Sai ya duba wurin da aka rubuta halin kayan: sabo ne, gyararre ne, ko an yi masa cikakken garambawul. Ya duba ko wurin da ya sa hannu yana cikin jerin waɗanda kamfani ya amince da su, ko kuma akwai wani umarnin dole na hukuma da ya shafi wannan lamba wanda ba a aiwatar ba. Idan komai ya dace, ya maƙala masa katin shaidar lafiya, ya shigar da shi kwamfuta, ya ba shi gurbi a kanta. Idan harafi ɗaya ya saɓa, ko da sifili ne aka rubuta a madadin harafin O, birkin ɗakin killacewa zai shiga a kulle, kuma ba mai taɓa shi sai an warware, ko da jirgi na zaune a waje manaja na kiran waya.

Wannan tsauri da jini aka saye shi. A watan Satumba na 1989 wani jirgin kamfanin Partnair ya tarwatse a sama kusa da gaɓar Denmak, mutum 55 suka mutu, bincike kuma ya gano cewa ƙusoshin da ke riƙe da jelarsa na jabu ne. Kuma masu jabun ba su ƙare ba. A 2023 aka bankaɗo wani kamfanin dillanci a Landan mai suna AOG Technics da ya sayar da kayan injin CFM56 da takardun bogi. Wannan inji shi ne a jikin yawancin jiragen Boeing 737 da ke jigila a Najeriya da kuma tsofaffin Airbus A320. Kamfanoni a ƙasashe da dama sun sauke jirage don su bi injunansu ɗaya bayan ɗaya. Abin lura shi ne, ma'aikatan gyara da suka ga kayan bai yi kama da abin da takarda ta ce ba su ne suka fara tona asirin.

Ajiya ma ilimi ce, musamman a Legas inda iska ke ɗauke da laima da gishirin teku. Ƙarfen da aka bari a buɗe tsatsa za ta ci shi. Ana ajiye taya nesa da hasken rana da zafi, kayan lantarki a cikin jaka ta musamman mai hana tartsatsin da hannu ke ɗauka, gam da robobi a ɗaki mai sanyi da ake rubuta ma'aunin zafinsa kullum. Wanda ranar mutuwarsa ta fi kusa shi ake fara fitarwa. Idan wuta ta ɗauke janareto bai tashi ba har ɗakin ya yi zafi, kayan miliyoyin naira na iya tashi aiki ba tare da an ga alama a jikinsu ba.

Idan jirgi ya zauna

Ba kowace matsala ke hana tashi ba. Kowane jirgi yana da kundin da ake kira MEL, wanda hukuma ta amince da shi, mai bayyana abin da za a iya tashi ba tare da shi ba da tsawon lokacin da aka yarda. Rukunin B kwana 3 ne, rukunin C kwana 10, rukunin D kwana 120, rukunin A kuma kowane abu da wa'adinsa. Wannan wa'adi shi ne numfashin da mai sayen kaya ke samu. Kamfanin da ya san aikinsa, ranar da aka rubuta matsalar yake yin oda. Wanda bai sani ba sai ya bari saura kwana biyu, sannan hankali ya tashi.

Idan kuwa abin ba ya cikin waɗanda za a iya jinkirtawa, jirgi ya zama AOG, wato ya zauna a ƙasa har sai an gyara. A ce tsuntsu ya faɗa inji lokacin sauka, abin da ba baƙo ba ne a filayenmu, ko famfon haidirolik ya fara zubar da mai da yammacin Juma'a. Injiniya zai buɗe kundin zanen kaya ya ciro lamba, ya tabbatar ta dace da wannan jirgin takamaimai, domin jirage biyu iri ɗaya na iya bambanta a wasu sassa. Sito ya duba, babu. Sai teburin gaggawa ya fara da maƙwabta, ko wani kamfani a nan Ikeja zai ba da aro ko haya. In babu, a aika tambaya ga dillalai a Turai, Dubai da Amurka, a nemi farashi, halin kayan, da hoton takardarsa kafin a biya ko sisi.

Sau da yawa musanya ake yi: su aiko da mai lafiya, kai kuma ka mayar musu da naka da ya lalace a cikin wa'adin da aka rubuta, galibi 'yan makonni. Idan ka makara, su caje ka kuɗin jinkiri ko cikakken farashin kayan. Kamfanoni da yawa a nan suke zubar da kuɗi, domin da zarar jirgi ya tashi sai a manta da tsohon famfon a kusurwar sito.

Daga Landan zuwa Legas tafiyar awa shida da ɗoriya ce. Ashe nisa ba shi ne matsala ba. Abin da ke cin kwanaki shi ne biyan dala ta banki a ƙarshen mako, da takardun shigo da kaya, da fitar da shi daga rumbunan kamfanonin sauke kaya a filin jirgi, NAHCO ko SAHCO, bayan binciken kwastam. Kuskure ɗaya a lambar rukunin haraji ko a bayanin da ke kan webil na iya ƙara kwana uku. Kafin nan jirgin da zai yi sawu shida a rana yana zaune, kuɗin hayarsa da inshorarsa da albashin ma'aikatansa suna tafiya, fasinjojin sawu shidan nan kuma an cusa su a jadawalin sauran jirage. Jinkirin da aka fara da safe a Legas shi ne ke isa Maiduguri da dare.

Akwai wata dabara da ake yi idan an matsu, a ciro kayan daga wani jirgin da ke zaune a saka wa wannan. Doka ta yarda idan an rubuta komai. Amma idan ta zama ɗabi'a, jirgin da ake cirowa daga jikinsa a hankali yake komawa kwarangwal, kuma duk mai wucewa ta gefen rumfunan gyara na Ikeja ya taɓa ganin irinsu.

Laifin wa?

Kamfanonin jirage suna da hujjarsu, kuma ba ƙarya suke ba. Naira suke karɓa, dala suke kashewa. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500, alhali tayar da ake saya ita ce dai ba ta canja ba. A watan Mayun 2022 ƙungiyarsu ta AON ta yi barazanar dakatar da tashi saboda litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700. Matatar Ɗangote da ke Lekki ta fara fitar da man jirgi a 2024, wanda ya rage dogaro da na waje, sai dai farashinsa har yanzu da kasuwar duniya yake tafiya. Babban binciken da ake kira C-check, wanda ke zuwa bayan kamar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, yawanci a waje ake yin sa, jirgi ya bi layi na makonni ko watanni. Aero Contractors ya yi irinsa a kan Boeing 737 a rumfarsa ta Legas a 2018, amma wuraren da ke gida ba su isa ɗaukar dukkan jiragen ƙasar ba.

Ga kuma ƙarancin da ya game duniya. A ƙarshen 2024 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce jiragen da aka yi oda ba a kawo ba sun kai 17,000. A 2023 kamfanin ƙera injunan jirage na Pratt & Whitney ya sanar da aibi a garin ƙarfen da ya ƙera wasu sassan sabbin injunansa da shi, ɗaruruwan jirage suka zauna jiran gyara. Da sabbi suka yi wuya, kowa ya riƙe tsohonsa, kayan tsofaffin jirage suka yi tsada, kuma ƙaramin kamfani daga Najeriya ba shi ne a gaban layi ba. A ɓangaren haya an ɗan samu sauƙi: a watan Satumban 2024 Najeriya ta sa hannu kan ƙa'idar da kotuna za su bi wajen aiwatar da yarjejeniyar Cape Town, wadda ke ba mai jirgi tabbacin karɓar kayansa idan ɗan haya ya kasa biya.

Fasinjoji da masu sa ido kuma suna cewa kamfanonin na tsara sawu fiye da jiragen da suke da su, ba sa barin ko ɗaya a gefe don ko-ta-kwana. A ganina nan ma akwai gaskiya mai nauyi. Dala ba a hannun kamfani take ba, amma lissafin sito a hannunsa yake. A ɗauki misali: kamfani na canja taya 4 a mako, oda kuma na ɗaukar mako 6 kafin ta iso. Taya 24 ke nan zai ci yana jira. Idan ya ƙara 8 na kariya, ranar da sito ya sauko 32 ya wajaba ya yi sabuwar oda. Wanda ya bar taya ta zaunar masa da jirgi ba shi da bakin zargin kowa. Haka kamfanin da ke da jirage goma iri huɗu, ya ɗora wa kansa sito huɗu da horon injiniyoyi huɗu.

Abin da fasaha ta canja

A yau sito da rumfar gyara a cikin manhaja ɗaya suke zaune, irin su AMOS, TRAX da Ramco. Da zarar jirgi ya sauka an shigar da awoyinsa, manhajar za ta lissafa wa kowane sashe sauran kwanansa, ta nuna abin da zai cika nan da wata uku, ta duba ko akwai shi a kanta. Neman kaya kuma ya koma kasuwannin intanet irin su ILS da PartsBase, inda za ka buga lamba ka ga masu shi a duniya cikin minti ɗaya. Sabbin jirage suna turo bayanan lafiyarsu tun suna sama, dandamali irin Skywise na Airbus kuma yana nazarin bayanan ya yi hasashen abin da ya kusa lalacewa. Rigunan ceto da ke ƙarƙashin kujeru, waɗanda da sai an bi su ɗaya-ɗaya ana duba kwanan wata, yanzu wasu kamfanoni suna maƙala musu ƙwayar RFID, mutum ya ratsa jirgi da na'ura a hannu ya karance su cikin 'yan mintoci. Webil ɗin takarda ma yana komawa na kwamfuta.

Matasa kan tambaya ko wannan zai cinye ayyukan. Zai rage masu kwafar lamba daga littafi zuwa littafi, wannan babu shakka. Amma manhaja abin da aka zuba mata take mayarwa. Idan ma'aikacin dare ya ɗauki filta bai rubuta ba, kwamfuta za ta rantse akwai biyu a kanta alhali babu ko ɗaya, kuma ranar buƙata ake ganewa. Shi ya sa ake ƙidayar sito a kai a kai, shi ya sa kuma mutumin da ya iya manhaja ya kuma san ƙarfen da idonsa ya fi kowa daraja a wannan fage.

Ina ƙofar shiga?

Matakin farko yawanci sito ne: karɓa, ajiya, fitarwa. Daga nan ake hawa zuwa sayen kaya, tsara buƙatun gyara, kula da kayan da aka tura gyara waje, teburin gaggawa mai aikin dare da rana, adana tarihin jirage, ko sashen tabbatar da inganci mai binciken dillalai. A ɓangaren kaya kuma akwai aikin rumbu, lissafin lodi da daidaita nauyin jirgi, da kiliyarin. Masu ɗauka sun haɗa da kamfanonin jirage, wuraren gyara, kamfanonin hidimar ƙasa, masu jirage masu saukar ungulu da ke yi wa kamfanonin mai aiki, da kamfanonin aika kaya irin DHL.

Ba a buƙatar lasisin injiniya don aikin sito ko saye, ko da yake mai shi yana da fifiko. Difloma ko digiri a injiniyanci, sufuri, saye da adana kaya ko lissafin kuɗi na iya buɗe ƙofa. Kwalejin koyon aikin jirgin sama ta NCAT da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana nan, cibiyar NITT ta fasahar sufuri ita ma a Zariya take, jami'ar LASU kuma tana da makarantar sufuri a nan Legas. Takardun ƙwarewa na CIPS a fannin saye, CILT a fannin sufuri da kwasa-kwasan IATA suna ƙara nauyi. Sai Turancin rubutu mai tsabta, domin duk cinikin da imel ake yin sa, da iya Excel sosai, ba sama-sama ba. Ɗan'uwa, wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sama maka aiki a filin jirgi, ka riƙe kuɗinka. Katin shiga wuraren da aka killace ta hannun kamfanin da ya ɗauke ka yake fitowa, bayan an binciki tarihinka.

Kwas ɗaya da nake ganin ya fi saurin amfani ga mai farawa shi ne na kayan haɗari. An kasa su aji 9, shaidar kuma sai an sabunta ta duk wata 24. Muhimmancinsa a bayyane yake: a watan Mayun 1996 jirgin ValuJet ya kama wuta ya faɗi a Florida, mutum 110 suka mutu, sanadin wasu gwangwanayen samar da iskar numfashi da wa'adinsu ya ƙare, aka loda su a matsayin fanko ba tare da murfin kariya ba.

Wannan ilimi ya shafi har ɗan kasuwar da ke aika kaya Kano ta jirgi. Turare mai sinadarin da ke kama wuta, fawa-bank da batiran waya duk kayan haɗari ne, ɓoye su a cikin atamfa laifi ne kuma ganganci ne da rayukan mutane. Kuɗin dako ma ba a kan sikeli kaɗai yake ba. Ana ninka tsawo da faɗi da tsayin kwali da santimita a raba da 6,000. Kwali mai 60 da 50 da 40 zai ba da kilo 20, don haka ko sikeli ya nuna 12, kuɗin 20 za ka biya. Wanda ya matse kayansa a kwalin da ya yi daidai da su, ya rubuta ainihin abin da ke ciki a kan webil, kayansa kan wuce bincike ba tare da an farke su ba, kuma su bi jirgin da aka yi masa alkawari.